Uwar Laka da Ƙwayar Tanki na Huɗu

Haihuwa da Karatu

An haife ta a shekarar 1958 a wani gari na bakin kogi, mahaifinta mai gyaran famfo, mahaifiyarta tela. Ta kammala jami'a a 1982 da digiri a ilimin ƙananan halittu, wanda danginta suka daɗe suna zaton likitanci ne.

Aiki

A 1984 ta kama aiki a matatar ruwan ƙazanta, inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye dattin ruwa kafin a sake shi cikin kogin da jama'a ke sha. Yawan ɗibar laka a kwalba ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Uwar Laka. A 1997, bayan ta koyi tatsar DNA daga laka, ta gano cewa rabin aikin tanki na huɗu wata ƙwaya ce ke yin sa, wadda ta ƙi tsira a ɗakin gwaji, saboda haka masana suka ƙi raɗa mata suna.

Aure da Iyali

Ta auri wani malamin lissafi a 1986. Kasancewar wutar ɗakin gwaji ba ta da alƙawari, a firizar gida take adana lakarta, ƙarƙashin nama. An ruwaito mijin yana cewa, “Baiwar Allah, ki riƙa rubuta mana wanne ne miya, wanne ne aiki.”

Wankin Tanki

A 2006, gabanin ziyarar manyan baƙi, manajan matatar ya sa aka kwashe tanki na huɗu, aka wanke shi da bilic mai kashe ƙwayoyi, aka yi masa fenti. Baƙi suka yaba da tsafta. Cikin mako guda kogi ya ɗauki wari, kifi ya taso matacce. Ita kuwa ta kwaso kwalabenta daga gida ta juye a tankin, tanki ya farfaɗo a hankali, aka ba manaja lambar yabo.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2018, ta rasu a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da mahaifiyarta. Ta bar miji da 'ya'ya uku: babbarsu lauya, na tsakiya direban jirgin ƙasa, auta mai sayar da turare. Wajen rabon gado babu wanda ya yarda ya ɗauki firiza. Tsoffin abokan aikinta suka zo suka kwashi sauran kwalaben, suka kai tanki na huɗu, inda ƙwayar ke aiki har yau, ba suna, ba albashi.