Mai Haɗa Gam a Sashen Fiffike

Agafya Trofimovna gam take haɗawa a masana'antar jiragen yaƙi da ke bayan Mosko. A wancan lokacin, da katako ake yin fiffike, gam ɗin kuwa da garin busasshen cukwi ake dama shi. Shekarar yunwa, 1933, garin nan abinci ne a idon kowa. Kullum sai ta ƙulle cokali huɗu na garin a bakin ɗankwali ta kai wa mijinta da tari ya kwantar, ta cike gurbin da alli.

Kafinta Yefim Lukic ya sani, don shi ke shafawa.

"Trofimovna, gam ɗinki yau ya fi miyar da ake ba mu a nan ruwa," in ji shi. "Mutumin naki yana samun sauƙi kuwa?"

"Shafa abinka, tsohon banza. Hancinka ya yi tsawo."

Ya yi dariya, bai gaya wa kowa ba.

Ranar gwajin sabon fiffike aka kifa shi a kan ƙarafa, aka shiga jera masa buhunan yashi. Injiniya ya ce zai ɗauki ɗari da ashirin. A na saba'in da uku ya yi ƙara ya buɗe. Katakon lafiya lau, mahaɗin ne ya rabu.

Kafin a share yashin 'yan sandan ciki biyu masu rigar fata sun iso. Suka tsayar da ita da Yefim a gaban fiffiken. Kowa ya san wanda laifin ya hau kansa ba zai koma gida ba.

"Wa ya haɗa gam?" in ji ɗayansu.

"Ni ce, kwamared. Da safe na ba shi, mai kyau. Shi ya bar shi har bayan cin abincin rana ya mutu a kwano. Na yi masa magana, ya ce in yi harkar gabana."

Yefim ya dube ta. "Agafya, haka aka yi?"

"Haka aka yi, Yefim Lukic."

Bai ta da zancen allin ba. Ko ƙyale ta ya yi, ko ya ga ba mai saurarensa, ba ta taɓa sani ba. Suka tafi da shi da gam a hannunsa.

Bayan sati biyu aka fitar da matarsa daga ɗakin ma'aikata, kayanta a kan ƙanƙara. Ɗakin yana da murhu mai kyau da taga. Agafya ta rubuta takarda ta nema, aka ba ta. Shekara ashirin da shida ta yi a cikinsa.