Malam Maharazu Gozaki, Aminin da Na Yi Shekara Arba'in Ina Kishinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, 2025, ina gonata a Tsiga ana karyar masara, aka bugo mini waya daga Malumfashi cewa Allah ya karɓi ran Malam Maharazu Gozaki bayan jinyar mako uku. Na zauna a kan kunyar gonar.

Kai aminina ne, Maharazu. Amma yau da ƙasa ta rufe ka ba zan ɓoye sauran ba: shekara arba'in na yi ina kishinka.

Tare muka shiga makarantar koyon aikin gona, kuma ni nake zuwa na ɗaya. Kai kana can tsakiyar aji, rubutunka ma da ƙyar ake karanta shi. Da muka gama na sami kujera a ofishin malaman gona, na yi ta hawa har aka ba ni mota da direba. Kai kuwa ka bi masu binciken iri, kana riƙe musu igiyar awo a rana, kafin ka zama ɗaya daga cikinsu. Na ɗauka na yi maka nisa.

A shekarun nan wuta-wuta ta addabi ƙasarmu, ciyawar nan mai kyan fure da ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta. Gonar da ke ba da dami talatin ta koma ba da biyar. Magidanta suka riƙa barin gida suna tafiya dakon buhu a kasuwar Funtua. Kai ka ƙi tsayawa a filin gwajin hukuma. Ka je wurin Gwaggo Lauratu, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata jikoki da busasshiyar gona a bayan Gozaki, ka roƙi aron gonar. Ta ce maka, "Malam, gonar ta riga ta mutu. In za ka iya tashe ta, ga ta nan."

Damina bakwai ka yi a wurin. Bana waken suya, baɗi dawa, kana zaɓen zangarniyar da ta jure kana ware ta. A ta bakwai Gwaggo Lauratu ta cika rumbu har ta gina na biyu. Manoma suka sa wa irin suna 'Yar Maharazu. Ranar da na fara jin sunan nan a bakin wani mai kaya a kasuwar Bakori, ban iya cin abincin rana ba.

Ga abin da iyalinka ba su sani ba. Ka aiko mini da buhu goma sha biyu na irin, a raba wa manoman yankina kafin saukar ruwa. Na sa aka kulle su a sito. Kullum aka tambaya sai in ce takardar izinin rabawa ba ta iso ba. Damina ta wuce. A shekarar akwai gidajen da hatsinsu ya ƙare tun kafin bazara, na san su, wasu ma dangin mahaifiyata ne.

Da kaka ka zo a kan tsohon babur ɗinka, ka ce a buɗe siton. Ka zura hannu cikin buhu, ka murza ƙwayar, ka kai hanci. Na tsaya ina jiran zagi. Abin da ka ce kawai shi ne, "Yusufu, bai lalace ba. Baɗi mu raba tare."

Da baɗin ta zo, a gaban mai unguwa da manoma fiye da ɗari, ka nuna ni ka ce, "Ku gode wa Malam Yusufu, shi ya adana muku irin nan." Suka yi ta sa mini albarka. Wallahi da ka mare ni da ya fi mini sauƙi. Na koma gida ina kishin wannan halin naka fiye da yadda na yi kishin irin.

Ranar jana'izarka ma abin bai sake ni ba. Na ga jama'a daga Kafur, daga Ɗanja, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba duk da ni ke da motar hukuma. Wasu dattawan Maguzawa sun taho a ƙafa, suka tsaya daga gefe har aka idar da salla. Ɗayansu ya ce mini, "Tun da ya kawo mana irin nan, 'ya'yana ba su ƙara zuwa cin rani ba." Ina kuka, ina kuma ƙirga mutanen a zuciyata, ina tambayar kaina nawa ne za su zo tawa.

Hajiya Raudatu, matar marigayi, ke da 'ya'yanku Murja da Abdulmutallib, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma neman gafararku a madadin wanda ban taɓa iya buɗe baki na roƙa ba. Shekaru kuna karɓata a gidanku a matsayin baba. Yanzu kun san wanda kuke shimfiɗa wa tabarma.

Allah ya jiƙan Malam Maharazu, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowace ƙwayar hatsin da ta shiga bakin mai yunwa ta dalilinsa ta zama nauyi a mizaninsa. Allah ya ba iyalinsa da mutanen Gozaki haƙurin rashi. Ni kuma, ya Ubangiji, ka wanke mini wannan zuciya kafin ka haɗa ni da shi, domin in iya kallon idonsa. Amin.

Yusufu Saminu Tsiga,
malamin gona mai ritaya.