Ranar da Alamar Rabawa Ta Ɓace Mini a Garki

Bayan na gama bautar ƙasa na nemi aikin koyar da lissafi a wata makaranta a Garki. Shugabar sashen, wata Hajiya mai ƙarancin magana, ta tambaye ni ko ina da bayanin da na taɓa yi wa yara. Na ce akwai, a wani dandalin intanet na masu lissafi. Can na rubuta yadda ake raba sulusi da rabi, da misalin lemo. Ina son rubutun nan kamar lallen da na zana da hannuna.

A dandalin, umarni kake bugawa, shafin ya mayar da shi alama. Kowa na iya ƙirƙirar gajeren umarninsa, amma al'adar wurin ita ce ka killace shi cikin rubutunka, domin shafi ɗaya muke zaune, kamar tsakar gidan haya.

Hajiya ta buɗe a kwamfutarta. Na leƙa. Alamar rabawa, ɗigo biyu da sanda a tsakani, babu ita ko ɗaya. Duk inda na sa ta, wasu haruffan boko ne tsaye tsakanin lambobina. Lemon yana nan, lissafin ya watse.

"'Yata, haka za ki rubuta wa yarana?"

Na roƙe ta ta ja shafin sama. Wani injiniya ne ya dawo ya gyara tsohuwar amsarsa kan gudun ruwa a bututu, ya ɗauki umarnin rabawa na kowa ya ba shi wata ma'ana don sauƙin kansa, bai killace ba. Duk wanda rubutunsa ke ƙasan nasa abin ya shafe shi, har da wani malami daga Masaka.

Nan take na rubuta wa injiniyan da ladabi. Amsar ba ta jima ba: "Ƙanwata, nawa yana fita daidai. Ki canza naki."

Na karanta sau da sau. Ban san mutum zai iya zuba ruwan wankinsa a ƙofar maƙwabta ya ce su ɗage tabarma ba.

Hajiya ta karanta ita ma, ta cire tabarau, ta miƙo mini alƙalamin rubutu a allo. Ta ce allon ajin da ke kusa babu mai taɓa shi sai mai darasi. Na shiga gaban yaran da ban sani ba, na zana ɗigo, na ja sanda, na ƙara ɗigo. Da aka tashi ta ce in zo ranar Litinin da farin takalmi mara tsini.