Na je bakin teku ɗauko yayana

Shekarun baya, lokacin da kumandan na Faransawa yake zaune Damagaram yana aiko gardi, wato dogaransa, su kwashi maza aikin tilas, yayana ya tsere daga Matamaye. Ya bi ta Ɗan Barto ya faɗa ƙasar Ingilishi. Ya gudu kada wani Nasara ya sa shi fasa dutse, sai ga shi a Kano wani Nasaran ya sa masa kaki, ya tura shi yaƙi wata ƙasa da ake kira Bama. Iyakar wayonsa ke nan.

Aka gama yaƙi, masu dawowa suka dawo, shi shiru. Sai wani falke mai kawo goro ya gaya wa kawuna ya gan shi da idonsa, a wani ɗan gari bakin teku, yamma da Ikko, yana gyara wa masunta raga.

Yayana shi ne ɗan farin mahaifiyata. Ku ƴan yanzu sai na yi muku bayani. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa kowa ta damu da shi. Kakarmu ce ta rene shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Ranar da labarin ya zo tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Amma daga ranar tuwo ya daina shigar ta. Ta taɓa, ta ture akushi. Kafin damina ta fita, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu.

Mazan gida suka yi ta shawara. Kawu ya ce a bari a cire gyaɗa. Aka cire, ya ce a bari a sayar. Ni lokacin bazawara ce, ina sayar da mai da ƙuliƙuli, kuma duk unguwa an san bakina.

"Kawu, in ta bana ta ƙare, ta baɗi za ku jira?"

"Ke dai bakinki ya girme ki. To ke za ki je?"

"Ni zan je."

Ya yi dariya, har ya kira maƙwabcinsa ya taya shi.

Ranar tafiya na durƙusa gaban Inna na ce, "Ki ba ni magana ɗaya in kai masa. Ki ce ya dawo." Ta dubi bango ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na fita ina huci.

A ƙasa na je Daura tare da masu jakai, kamyo, wato babbar motar kaya, ya kai ni Kano, daga nan jirgin ƙasa. Lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Sai da na yi jikoki na shiga makarantar manya, har ga shi yau ina rubuta muku wannan da hannuna. Saboda haka duk tashar da jirgi ya tsaya sai in sungumi ƙunshina in tambaya ko Ikko ce. Wata Bayarabiya da ke kusa da ni ta gaji, ta danne ƙunshin da ƙafa. Na zage ta da Hausa, ta rama da Yarabanci, daga baya muka raba ayaba. Ita ta kai ni zangon Hausawa, su kuma suka sa ni a kwalekwale.

Garin ba shi da hayaniya ko kaɗan. Bukkokin ganyen kwakwa, farin rairayi, jiragen masunta a kife, tsofaffi suna gyangyaɗi a inuwa. Ba ka jin komai sai ruwa yana zuwa yana komawa. Ni da nake ganin tafkin bayan garinmu shi ne ruwa, na daɗe a tsaye ina neman ɗaya gaɓar. Na kamfata na kurɓa, na tofar, wata mai shanya kifi ta yi ta ƙyaƙyata min. Da na kwaɗa sallama irin tamu, sai na ji muryata ta yi wa garin yawa.

Ƙarƙashin wata rumfa na same shi, raga a cinya. Ya yi jiki, sai dai da ya miƙe na ga yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya daɗe yana kallona.

"Auta? Wa ya rako ki?"

"Mazan gidanku suna can suna gadin gyaɗa."

Ya yi dariya har ya share ido. Ni kuwa tun daga Kano nake tara masa zagi, na zauna na juye shi duka. Shi kuwa yana ta ɗinkinsa. Da na tsaya shan iska ya ce, "Kin gama? To ci kifi."

Sai da na kwana biyu a garin sannan ya buɗe min cikinsa. Muna zaune da hantsi, masunta suna jan raga.

"A Bama, da aka fito da mu daga daji, an ajiye mu wani gari irin wannan," in ji shi. "Mutanensa ba ruwansu da kowa. Matansu na shafa wani abu kamar alli a kumatu, malaman addininsu na yawo ba takalmi. Can na fara samun barci. Auta, in wuri ya yi tsit ina jin abubuwa. Na dawo har Kano fa, da niyyar gida. Na farka na ga hannuna a wuyan mai masaukina. Ruwan nan ba ya yin shiru, shi ya sa nake zaune lafiya. Kin kuwa san yadda Matamaye take in kowa ya kwanta."

"Inna ba ta cin abinci," na ce.

Ya ajiye allura. "Ita ta ce in zo?"

Ƙarya ta zo min har leɓe. Na san in na ce i, zai ɗaure kayansa ya biyo ni ko da zai zare a hanya.

"Ka san ba za ta ce ba."

"Na sani."

"To ka zo, ba sai ta ce ba."

"In zo ta ga ana ɗaure ni da igiya a tsakar gida? Gara ta ji ina nan ina cin kifi."

Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah. Ya rako ni bakin kwalekwale, ya tsaya yana kallo har muka sha kwana.

Da na iso gida mutane suka cika zaure. Kawu ya ce, "Ina shi?" Na ce, "Yana inda yake. Yaya gyaɗa?" Inna ba ta tambayi komai ba. Da aka watse na zauna ɗakinta, na ƙudura ba zan ce uffan ba sai ta tambaya da bakinta. Tana kaɗi, ina cika ina batsewa. Can sai ta ce:

"Garin nan da kika je, ana samun gero?"

"Babu. Rogo da kifi."

"Mutane na ƙoshi da wannan?"

Saura kaɗan in ce, Inna, ki tambayi abin da kike son tambaya. Sai na ga mazarin ya tsaya a hannunta.

"Suna ƙoshi, Inna. Har ƙiba suke yi."

"Da masallaci?"

"Ɗan ƙarami. Ba sa fashin salla."

"Masu gyaran ragar nan, sana'ar kirki ce?"

"Ana ganin girmansu. Akwai wani mai ɗingishi, duk garin shi suke kawo wa."

"Ɗingishi."

"Kaɗan ne. Ba ya hana shi zuwa ko'ina."

Ta murza zare a yatsa, ba ta dube ni ba. "Yana da mai dafa masa?"

"Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsa, ta riƙe shi kamar ɗanta."

Ta ajiye mazarin. Sannan ta ce, "Miƙo min akushin can."

Yayana bai taɓa dawowa ba. Inna ta ƙara shekaru masu dama, kuma duk lokacin da fatake suka sauka nakan je in jiyo mata yadda garin yake: ko kifi ya yi albarka, ko an yi ruwa, ko mutane lafiya.

Har yau ban san ko na kyauta da na ƙi yi masa ƙaryar nan ba. Wata rana in ce na kyauta, wata rana in ce taurin kaina ne ya hana uwa ganin ɗanta. Ni nawa ɗan farin da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, har maƙwabta suka gaji da yi min gori. Amma na daina cewa Inna ba ta iya magana ba. Ranar nan duk abin da take son sani ta tambaya, ni ce na kusa kasa ji.