Kwamfutar da Ke Ƙamewa Bayan Azahar

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a sashen gona da kiwo a Kalgo. Iyalina suna Gwandu, sai ƙarshen mako nake ganinsu. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, ni aka danƙa wa ita saboda na ɗan karanci fannin. A cikinta akwai wata manhaja mai zana taswirar burtali da mashayar dabbobi, wadda wani ɗan bautar ƙasa ya rubuta kafin ya koma garinsu.

Da safe lafiya lau take aiki. Bayan azahar sai ta fara nauyi, ka danna ka yi ta jira, daga nan ta ƙame. Shugaban sashenmu ya ce zafi ne, aka kafa mata fanka, bai hana ba. Muka zargi janareto, aka canja waya. Ni dai abin da na sani shi ne in kashe ta in kunna, ta dawo garau.

Gab da damina wani Ardo daga wajen Dangoma ya zo tare da wani manomi. Suna so su ga inda burtali ya bi ta gefen gonar kafin a yi shuka. Ina ta buɗe taswira bayan taswira ina neman ta yankinsu, sai allon ya tsaya cik.

"Mi ya same ta?" in ji Ardo.

"Ta gaji ne, Baba."

"Daga ina ta taho da za ta gaji?"

Na ba su haƙuri, na ce su dawo mako mai zuwa.

Ran Juma'a na buga rubutun manhajar a takarda, na tafi da shi Gwandu wurin wani abokina, malamin lissafi da ya fi ni sanin harkar. Muka zauna a zaurensu. Bai ko duba takardun ba ya tambaye ni, "Ranar da wasiƙu kaɗai kake bugawa, tana ƙamewa?"

Na tuna baya, na ce masa a'a. Ba ta taɓa yi ba.

"To ba zafi ba ne, taswirar ce," ya ce. Ya bayyana mini cewa duk sanda aka buɗe taswira, manhajar tana aron wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. In ba ta mayar ba, wurin zai yi ta raguwa kamar ruwa a randa mai yoyo.

Muka bi rubutun layi-layi da biro, muna sa alama inda ta ara da inda ta mayar. Ashe ɗan bautar ƙasan bai manta da mayarwa ba, amma sai in an rufe taswira tukuna. In ka buɗe wata kai tsaye, kamar yadda na saba, tsohuwar tana nan riƙe da wurinta.

Ran Litinin na sa manhajar ta riƙa nuna abin da ya rage na ƙwaƙwalwa. Kowace taswira na buɗe, lambar sai ta sauka. Gyaran farko da na yi ya fi cutar muni, don ta koma mayar da wuri ɗaya sau biyu, tana mutuwa nan take. Sai washegari na gano inda ya kamata layin ya zauna. Na wuni ina buɗe taswirori, lambar tana sauka tana komawa inda take.

Da Ardo da manomin suka dawo, na buga musu taswirar. Ta nuna burtalin ya ɗan shiga cikin kunyoyin gabas na gonar. Manomin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi ma a ba shi tasa. Tawadar ta yi rauni a bugu na biyu, sai da na bi layin burtalin da biro kafin na miƙa masa.