Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunana. Haka ake yi a gidanmu na Kusfa, haka ake yi a gidajen maƙwabta. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, mahaifiyar Baba. Can nake kwana, can akwatin littattafaina yake. In Inna tana son wani abu, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta miƙo ludayi," ko da daga ni sai ita a tsakar gidan. Ni ma sai in miƙa ludayin ina duban wani bangon.

Ina aji biyar na firamare, shekarar da aka daina kashe fam da sule, Inna ta haifi autanmu. Tana cikin wankan jego barci ya ƙaurace mata. Da farko aka ce zafin ruwan wanka ne da kunun kanwa. Sai wata safiya ina ɗaura ɗankwalin makaranta na ji an ƙwala kiran sunana daga bakin rijiya. Na waiwaya, ashe Inna ce. Ta maimaita sau uku, sannan ta kira na Baba, gatsau, kamar mai kiran ɗan talla. Iya ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta ce, "Innalillahi! Yarinyar nan ta taɓu."

An sha rubutu, an yi hayaƙi, abin sai gaba yake yi. Da yake Baba akawu ne a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, ya ari mota aka kai ta asibitin gwamnati da ke wajen ganuwa, sashen masu taɓin hankali. Mako bakwai ta yi. Jaririn ya zauna wurin Iya, ana ɗura masa madarar gwangwani da cokali.

Daga nan aka sallamo ta na gwaji. Sharaɗin shi ne bayan mako biyu nas za ta zo gida ta duba ta. In ta gamsu, Inna ta zauna. In ba ta gamsu ba, motar da ta kawo nas ita za ta koma da Inna.

Mu dai a gida mun riga mun gamsu. Ranar da ta dawo ta durƙusa ta gai da Iya, ta shafa kan ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta wuce ni kamar ta wuce turmi. Iya ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, ta warke."

Nas ta zo ranar Laraba bayan azahar. Damina ce, motar ba ta iya shiga lungunmu, aka bar ta a bakin titi. Tana sanye da farar riga da 'yar hular da aka kafe da fil uku, ga agogo a manne a ƙirji, kansa a ƙasa. Fararen takalmanta sun kwashi jan taɓo har idon sawu. 'Yar kudu ce, ba ta daɗe da zuwa garin ba, kuma ba ita ta yi jinyar Inna a asibiti ba. Hausarta ta kasuwar Sabon Gari ce, ana ganewa sarai, sai dai babu kwana-kwana a cikinta.

Aka kawo mata kujera, ta ƙi, ta zauna a tabarma kusa da Inna. Ni ina raɓe a bayan labule. Ta tambayi barci, ta tambayi cin abinci. Ta zazzage ƙwayoyin maganin a tafin hannu ta ƙirga, ta gyaɗa kai. Ta sa Inna ta miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai don ta ga ko suna rawa. Ta ɗauki lokaci tana kallon yadda Inna ke juya jariri a cinya. Har nan komai lafiya. Sai ta buɗe littafi mai baƙin bango, ta zaro takardar tambayoyi.

"Yau wace rana?"

"Laraba."

"Wane wata?"

"Watan azumin tsofaffi."

Nas ta duba takardarta, ba ta ga watan a jerin nata ba, ta yi ɗan ɗigo a gefe.

"Yaya sunan mijinki?"

Inna ta sunkuyar da kai, ta shiga gyara wa jariri hula.

"Mijinki fa. Sunansa."

"Malam."

"Malam wa?"

Inna ta ci gaba da gyaran hular. Biron nas ya motsa.

"Yara nawa gare ki?"

"Alhamdu lillahi."

"Na ji. Nawa?"

"Akwai su."

Da nas ta matsa, Inna ta lissafo su a hankali, ta fara daga mai bi mini. Huɗu. Nas ta buɗe katin asibiti, ta sa yatsa a inda aka rubuta biyar. Ta waiwayo, ta hango ƙafafuna a ƙarƙashin labule, ta ce in fito. Na fito ina murza gefen zanena.

"Wannan yarinyar wace ce?"

Inna ta kalli rufin ɗaki kamar yau aka yi shi. "Ta gidan nan ce."

"'Yarki ce?"

"Ta tsohuwa ce."

Wannan karon nas ta yi rubutu mai tsawo, har ta juya shafi.

Ta ce a kira maigida. Baba ya shigo daga zaure, ya tsaya a bakin ƙofa, ga mahaifiyarsa zaune tana jan carbi.

"Malam, matarka tana samun barci?"

Baba ya duba takalminsa. "Wallahi wannan sai dai a tambayi mata."

"Kana so ta zauna a gida?"

Wannan mutumin fa shi ne ya yi mako bakwai yana taka keke zuwa asibiti kullum da la'asar, da kwanon tuwo ɗaure a baya, ko ana ruwa. Amma a gaban Iya ba zai buɗe baki ya ce yana son matarsa a gida ba.

"Duk yadda hukuma ta gani," in ji shi, ya juya ya koma zaure.

Iya ta ga abin na neman ɓaci, sai ta ajiye carbi don ta gyara.

"Ke 'yar nan, mene ne abin rubutu a ciki? Ni ma ban san sunan wancan da ya fita ba."

"Ɗanki?"

"Haka suke cewa."

"Mama, ke ma ba ki san sunan ɗanki ba?"

"Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa faɗa ba, ga ni nan garau. Maƙwabciyarmu ma ba ta san na nata ba. Kaf lungun nan, in kin sami mace ɗaya da ta sani, ki zo in ba ki goro."

Nas ta juya takardarta baya, kamar mai neman inda ake rubuta mara lafiya na biyu. Ta share gumi. Ba mugunta gare ta ba, na lura tun ɗazu hannunta ɗaya yana kan gwiwar Inna. Ta sassauta murya.

"Uwar jariri, ki taimake ni. Takardar nan likita zan kai wa. In na rubuta ba ki gane 'yarki ba, cewa zai yi a mai da ke. Ki faɗi sunan sau ɗaya kawai, in rubuta, in tafi."

"In ta faɗa," in ji Iya, "ni da kaina zan ɗauke ta in sa a motar."

Inna ta dubi nas, ta dubi Iya. Ta rungume jaririn sosai har ya yi ƙara.

Ni a makaranta ko amsa na sani ba na ɗaga hannu. Sau ɗaya malami ya kira ni allo, na tsaya da alli har aka kaɗa ƙararrawa. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Takalman nas na yi wa magana.

"Lokacin da ba ta da lafiya ta faɗa."

"Me kika ce?"

Ta matso har na ji ƙanshin sabulun asibiti a jikinta. Na ba ta labarin safiyar rijiya, rabi da baki rabi da kai, Iya tana cike mini gurbi tana ƙara gishiri. Nas ta saurara har ƙarshe. Ta rufe biro, ta rufe littafi.

"To," ta ce wa Inna, "mu bar suna. Akwai wata yarinya a gidan nan. Ban ce taki ce ba. Wataƙila ma ta maƙwabta ce. Me kika sani a kanta?"

Inna ta juya ta fuskanci randar ruwa da ke lungun ɗaki. Da randar ta yi magana.

"Akwai wata da ba ta cin miyar kuka, sai ta tura tuwon gefe ta ce ta ƙoshi. Ranar Juma'a aka haife ta, ana ruwa. Tana da tabon ƙuna a dugadugin hagu, murhun gidan kawuna ne. Takalmin makarantarta ya matse ta tun kafin in kwanta asibiti, ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ta taka bayansa. Shekaranjiya an doke ta a hannu, na ga ta ɗauki buta da hagu. Kuma ita ce ke shan madarar jariri in tsohuwa ta juya baya."

"Au!" in ji Iya. "Ashe ke ce ɓeran! Ni ina ta zagin kyanwa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa sanin Inna ta san ina da dugadugi ba.

Nas ta yi dariya har hularta ta karkace. Ta buɗe littafin, ta ja layi a kan dogon rubutun nan, ta yi wani gajere a ƙasa. Ta ba Inna maganin wata guda, ta nuna mata wanda ake sha da safe da wanda ake sha bayan isha'i, ta ce in bakinta yana bushewa ta riƙa kurɓar ruwa, kada ta daina maganin. Ta ce wa Iya a riƙa karɓar jaririn da rana ko na awa biyu ne, Inna ta runtsa. Za ta dawo bayan wata ɗaya. Inna za ta zauna a gida.

Aka ce in raka ta bakin titi. Muna tafe tana tsallake taɓo, ina biye da jakarta. Da muka fito lungu ta tsaya, ta ciro wani ƙaramin kati, ta dafa shi a bangon wani gida.

"Kina iya karatu?"

Na gyaɗa kai.

"Ke kike ganin komai a gidan nan, don haka ke zan ba. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki faɗa wa babanki ya zo asibiti ya neme ni, kada ku jira wata ya cika."

Ta rubuta: in ta kwana biyu ba barci. In ta ƙi abinci. In ta daina kula jariri. Ta tsaya tana cizon murfin biro, sannan ta ƙara layi na huɗu da manyan baƙaƙe: in ta kira sunanki.

Na sa katin a cikin littafin lissafi. Shekara guda cur na yi ina kasa kunne a tsakar gida, safe da yamma, ko zan ji. Ban ji ba.