Rigar Juma'ar Yaya da Faifan Sarƙa

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni ne na ba ɗan gwangwan faifan sarƙar babur ɗinmu, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke jikin tayar baya, wanda sarƙa ke hawa. Yayana ne ya kwance shi don haƙoran sun cinye, ya ce in ajiye. Na ajiye kwana biyu. A na uku mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da usur rataye a wuya, ƙungiyar ƙwallonmu kuwa ba ta da usur. Muka yi musaya, na koma gida ina ganin na cuce shi.

Ban san ba a zuwa sayen kayan babur sai da samfur ba. Tsohon ƙarfen ake kaiwa, mai shago ya ɗora sabo a kai, in sun hau juna a saya.

Babur ɗin na Baba ne tun yana aikin jirgin ƙasa. Irin na tsere ne, ja, mai dogon tanki, wanda sai mutum ya kwanta a kai kamar mai leƙen rijiya. In aka tayar da shi a ƙofar gidanmu a Kaura, kajin Sakajiki sai sun yi kwana uku ba ƙwai. Tun da kamfanin ya fara yin irinsa ya sake ƙira har sau biyu. Na bana fitilarsa mai kusurwa ce, kuma da maɓalli yake tashi, ba sai an yi ta tsalle a kan kik ba. Masu kayan gyara na Kaura duk sun koma kayan na bana, in ka ambaci namu sai su dube ka kamar ka tambayi kuɗin wuri. Baba ya gaji da ganinsa jingine a zaure. Ya ce in bai tashi ba zuwa saukowa daga Juma'a, akwai mai saye da zai zo ya ɗauka a matsayin ƙarfe. Ranar Yaya bai ci tuwo ba.

Da ya gano abin da na yi da faifan, bai doke ni ba, don ba lokaci. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya auna tazarar ramukan noti a jikin tayar, ya yanke shi daidai, ya ba ni.

"Ka ga wanga tsinke? In ya ɓace, kai ma ka bi shi."

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, a kan babur ɗin kabu-kabu da Yaya ya aro wurin abokinsa. Na sa tsinken a aljihun gaba, na rataya jakar makaranta a baya. Abin da ke cikin jakar ni kaɗai na sani. Kwana biyun da na ajiye faifan, ashe a kan farar rigar Juma'ar Yaya na ɗora shi, cikin duhun ɗaki na zaci tsumma ne. Baƙin mai ya zana faifan ɗungurungum a bayan rigar. Mako guda Yaya yana nemanta, har ya fara zargin akuyar maƙwabta. Ni kuma na ƙudura in kai ta wurin mai wanki a Shinkafi, inda ba wanda ya san ni.

An yi ruwa kafin asuba, iska na kaɗawa, sai na yafa zanen Inna na rufe kai da kunnuwa. Ba mu bar gari ba 'yan agaji suka ɗaga mana hannu. Tun da aka ƙaddamar da shari'a an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, su kuwa daga nesa mace suka hango a bayan Yaya. Babbansu ya matso a natse, ya yi sallama, ya fara yi wa Yaya nasiha. Na bari sai da ya kai tsakiya, sannan na yaye zanen na gaishe shi da muryar da na fi kaurarawa. Ya yi ta dariya har da dafa abokinsa. Yaya kam bai yi ba.

Hanyar Shinkafi a damina sai wanda ya bi ta. Gero ya yi kai dama da hagu, dawa ta fi mutum tsawo, ko'ina kore shar. Kwalta kuwa ramukanta sun fi ta yawa. Akwai wani rami da muka faɗa, na rantse sai da na ji kiran sallar wani gari kafin mu fito. Mun wuce motocin a-kori-kura cike da buhuna da mutane a saman buhunan, da raƙuma masu ɗauke da kanwa, da Fulani suna kora shanu kasuwa, ko kallon hon ɗinmu ba su yi. A wani ƙauye muka sayi fetur na kwalba. Yaya ya ɗaga kwalbar yana hasko ta da rana wai ko an haɗa da kananzir, mai man ya ji haushi ya ce shi ko kafin shari'a ba ya algus.

Kasuwar Shinkafi ta cika ta batse kafin hantsi. Na ga Buzaye da rawani har ido, da mutanen Nijar masu lissafi da jaka da dala, da mutanen Galadi da suka zo da tumaki ɗaure a bayan babur kamar fasinja. A layin hatsi kowa ya koma mudun ƙarfe iri ɗaya, ba mai bubbuge gindi. Yunwa ta kama mu, muka tsaya wurin mai waina, Yaya ya ƙara mana da tsire na naira hamsin. Naman akwai daɗi, sai dai na tabbata sa ɗin ya yi noma shekara ashirin kafin a yanka shi. Jijiya ta shige mini tsakanin haƙora. Na laluba aljihu, na ji tsinke, na sakace tas, na karya shi biyu kamar yadda kowa ke yi, na yar.

Na ce wa Yaya zan zaga, na ruga wurin wani mai wanki a bayan kasuwa. Ya buɗe rigar, ya duba, ya ninke ta ya miƙo mini. Ya ce wannan ba wanki take so ba, rini take so.

Layin masu kayan babur yana can gefen tasha. Shago na huɗu muka sami wani Alhaji mai gilashi da ya san irin namu. Ya sauko da faifai ya shimfiɗa, ya yi mana karatu. Na bana ramuka shida ne, ba ya shiga tayarmu ko da guduma. Masu ramuka huɗu kuma iri biyu ne, na farko da na tsakiya, tazararsu ba ɗaya ba, kuma cikin na tsakiyar ma akwai wanda aka yi wa wata ƙasa daban. Da ido ba a rabe su.

"Ina samfur?" ya ce.

Yaya ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Na sa hannu a aljihu. Na lalube shi kaf, ba tsinke.

"Yaya, tsiren nan..."

"Mi ya sami tsire?"

"Jijiya gare shi."

Alhajin ya cire gilashi ya goge hawayen dariya. Ya ce ba zai sayar mana da abin da bai tabbatar zai shiga ba, don kayan da ya sha noti ba ya dawowa. Amma akwai wani tsohon bakanike a Zurmi, a bayan tasha ƙarƙashin tsamiya, wanda tun zuwan baburan nan yake kwance su. In shi bai gane ba, mu haƙura.

Muka bar Shinkafi, muka kama hanyar Zurmi. Ina bayansa ina kallon ƙeyarsa, na tuna yadda yake goge tankin nan da hular kansa, da yadda Baba ya taɓa ɗora mu mu biyu ya kai mu kallon jirgi. A nan ne na fara jin usur ɗin nan ya yi mini tsada.

Mun isa Zurmi bayan azahar, muka yi salla, muka sha fura da nono mai kauri wurin wata Bafillatana, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki da kansa. Tsohon yana nan inda aka ce. Rumfarsa ba ta fi ɗakin kaji ba, amma faifai da sarƙoƙi rataye a jikin tsamiyar kamar ita ta haife su. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi bayani. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce yana da masu ramuka huɗu kala uku, amma ba samfur ba awo, shi ba ya duba.

"Ku koma ku kwanto tayar ku kawo. Jibi ina nan."

"Malam, gobe bayan Juma'a za a ɗauke shi," in ji Yaya.

"To, samari, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Yaya ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ni kuma jakar da ke bayana ta yi mini nauyi kamar na goya injin niƙa. Na auna dukan da zan sha, na auna zaurenmu ba babur. Na matsa bayan tsohon tukuna, don in sami katanga, sannan na zaro rigar na warware.

Ga faifai nan baƙi ƙirin a kan farin yadi. Haƙora duk sun fito, ramuka huɗu farare tas, har da babban ramin tsakiya.

"Rigata ce wagga?" Yaya ya tambaya a hankali.

"Ita ce, Yaya. Akuyar ba ta da laifi."

Ya yo kaina, tsohon ya tare shi da sifana. Ya karɓi rigar, ya shimfiɗa a kan benci, ya danne gefunan da duwatsu. Ya ƙirga haƙoran da tsinin ƙusa, bakinsa na motsi. Ya ɗora faifai na farko, ramuka suka kauce. Na biyu ma haka. Da ya ɗora na uku, sai ga farin yadi yana leƙowa ta ramukan nan huɗu daidai wa daida.

"Na tsakiya ne," ya ce. "Shekara talatin ana kawo mini samfur, ba a taɓa kawo mai wuya da aljihu ba."

Sai dai bai bar mu mun tashi ba. Ya ce na tsakiyar da ake ƙerawa yanzu haƙoransa sun fi na tsohon namu kauri, tsohuwar sarƙarmu ba za ta zauna a kai ba, mako guda za ta cinye shi. Sarƙar na bana ce daidai da shi. Ita kuma sarƙar bana sai da ƙaramin faifan gaba na bana, wanda yake shiga injin namu lafiya lau in an sa masa washa ɗaya a baya don ya yi layi da na tayar. Ya ce kuskuren samari ke nan, su sayi abu ɗaya sabo su cusa cikin tsofaffi, in ya lalace su zagi kamfani. Ya haɗa mana ukun, ya laluba gwangwani ya ba mu washar kyauta. Ya kuma roƙi rigar, wai zai kafa ta a jikin tsamiya saboda masu zuwa ba samfur. Yaya ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce a bar masa.

A hanyar dawowa Yaya har waƙa ya yi. Mun shigo Kaura ana kiran magariba, kayan na cikin jakata inda rigar ta fito, na rungume ta a gaba kamar jariri.

Da safiyar Juma'a muka ɗaura. Notin nan huɗu suka shige ba gardama. Yaya ya sa washar, ya ja sarƙa, ya juya tayar da hannu, ta yi ta juyi shiru. Ya tafi masallaci da tsohuwar rigar Baba, hannuwanta sun tsaya masa a gwiwar hannu. Muna saukowa muka tarar da mai sayen ƙarfe a ƙofar gida da amalanke. Yaya ya taka kik sau ɗaya, sau biyu, a na uku babur ya yi tsawar da ta sa jakin amalanken ya juya da kansa ya nufi gida. Baba ya fito zaure, ya daɗe yana kallo, sannan ya ba mutumin haƙuri.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba yawa. Sabuwar ƙira ba ta kashe tsohuwa, sai dai a san wanne ke shiga wanne, kuma masu sanin suna zaune a ƙarƙashin bishiya, ba a babban shago ba. Na kuma koyi duba tsinke kafin in kai shi baki.

A makaranta na ba da labari cewa ranar mun yi tsere da jirgin ƙasa mun bar shi a baya. Gaskiyar ita ce tashar jirgi kawai muka kai, fetur ya ƙare, muka turo shi gida, Yaya a gaba ni a baya. Babur ɗin yana nan a zaure, Baba bai sake maganar sayarwa ba. Usur ɗin kuma Yaya ya ƙwace.